Mangwaron Naika

A unguwarmu da ke bayan garin Capesterre, a tsibirin Gwadalup, in kana son sirrinka ya kwana lafiya to kada ka bi ta ƙofar gidan Man Léonise, wato Inna Léonise. Ba gulma take yi ba, a faɗi gaskiya, don abin da ta ji ba kasafai take kai shi gaba ba. Ita dai so take ta sani. Mai kawo wasiƙu ya tsaya, sai ta tambaye shi me ya sa takalminsa na hagu ya fi cinyewa. Likita ya ɗaura mata abin awon jini, ita za ta riga shi tambaya, matarsa ta sauka ko da saura. Mijinta Évariste, Allah ya ji ƙansa, yakan ce ranar da mala'ikan mutuwa ya zo mata, sai ya fara bayanin hanyar da ya biyo kafin ta yarda ta bi shi.

Ƙuruciyarta duk a rumfar wanke ayaba ta ƙare, tsaye cikin ruwa, tana ware wadda za a kai Faransa da wadda za a bar wa aladu. Da gwiwoyi suka ce sun gaji, ta koma sayar da askirim na kwakwa a bakin teku ran Lahadi, hannu ɗaya yana juya bokitin katako, baki yana yi wa masu saye tambayoyi. 'Ya'ya huɗu ta haifa. Uku suna Faransa su da iyalansu. Autan, Rosan, direban motar ɗaukar ayaba, shi ne ya gina nasa a bayan nata, fili ɗaya, igiyar shanya ɗaya.

Filin nan shi ne dukiyarta, don babu bishiyar da ke cikinsa da ba ta da mai ita. In aka yi haihuwa, cibiyar jariri ta bushe ta faɗi, Man Léonise ta karɓa ta haƙa rami ta binne, ta dasa ice a kai, yadda uwarta ta yi mata a can gindin dutse. Kwakwar da ke bakin ƙofa ta babbar 'yarta Gilberte ce. Bishiyar fiya ta Honoré. Lemon tsami na Josiane, kuma in ji uwar, halin ya bi icen. Mangwaron tsakar gida na Rosan. Jikokin da aka haifa a Faransa kuwa, cibiyoyinsu a kwalin ashana suka iso, cikin akwati, ƙarƙashin safa. Surukan sukan yi gunaguni, amma suna aikowa, don sun san wayar ba za ta daina ƙara ba sai sun aiko.

Kullum da safe takan ɗauki kofin gahawa ta zagaya su ɗaya bayan ɗaya tana duba ganye. Ta ga na fiya ya yi rawaya, sai ta kira Honoré.

"Me ke damunka?"

"Ba komai, Manman."

"Ƙarya kake. Ga ni nan tsaye a gindin icenka."

Sau tari kuma akan sami wani abu, ko ciwon baya, ko faɗa da mai gidan haya. Masu shakka sukan ce wa zai rasa damuwa in an matsa masa da tambaya. Ita ko a jikinta.

Matar Rosan, Ketty, a kantin magani take aiki, mace ce mai tsabta, marar yawan magana. Aurensu ya daɗe, Allah bai kawo haihuwa ba. An je likitocin nan, an je na Faransa, an sha duk wani ganye da Man Léonise ta sani da wanda ta tambayo. Ba ta taɓa yi wa Ketty gori ba, wannan kowa shaida ne. Amma akwai wani ɗan fili a gefen mangwaron Rosan da ta hana a shuka ko barkono, ko akuya ba a ɗaurewa a wurin, kuma duk wanda ya shigo gidan ya san abin da filin yake jira. Ketty ta fi kowa sani, ta gefensa take wucewa in za ta aiki.

Wata Lahadi ana cin shinkafa da jan wake da kifi, Rosan ya ajiye cokali ya ce, "Manman, mun sami 'ya."

Idon tsohuwar ya sauka a kan cikin Ketty.

"Ba nan ba," in ji Ketty. "Tana Haiti."

Ta miƙo hoto. Yarinya ce 'yar kamar shekara uku, da kitso ƙanana, ta sha kunu kamar an ƙwace mata abu. Sunanta Naika, tana wani gidan marayu a kan tudu bayan babban birnin. Ashe sun daɗe suna shiga da fita ofisoshi a kan maganar, sai yanzu aka ce ga wadda aka ba su. Abin da ya fara ɓata wa Man Léonise rai shi ne a ce an yi wannan duka a cikin filinta ba ta ji ko ƙishin-ƙishin ba. Amma hoton ya fi ƙarfin fushin. Ta sa tabarau ta matso da shi.

"Wa ya yi mata kitson nan? Ya ja da yawa. Me take kallo a gefe haka? Wannan hannun da ke kafaɗarta na wane ne? Tana cin yaji?"

Suna dariya, suna amsa abin da suka sani. Sai ta ɗago ta ce, "To cibiyarta fa, a ina aka binne?"

Ketty ta sunkuyar da kai tana wasa da wake a faranti.

"Manman, ci abincinki," in ji Rosan.

Da la'asar ta tsinko nunannen mangwaro daga bishiyar Rosan, ta sha, ta wanke ƙwallon, ta cusa shi cikin gwangwanin madara da ƙasa. A wurinta wannan ba dashe ba ne, ajiya ce. Icen mutum ba ya taɓa ƙasar gida sai an sa abin mutumin a ƙarƙashinsa, in ba haka ba ka dasa ice ne kawai, irin na bakin titi. Ta ajiye gwangwanin a kan dakalin ɗakin girki, ta ce kafin ya yi ganye huɗu yarinyar ta iso da bayaninta.

An ce musu 'yan watanni ne. Watanni suka haifi shekara, shekara ta yi ƙanwa. Wanda bai zauna a gidan da ake irin wannan jira ba, ba zai gane ba. Mai ciki ta san watanta, maƙwabta ma suna taya ta ƙirga. Wannan kuwa ciki ne da ba ya girma a ido, ba a kuma san ranar naƙudarsa ba. Rosan ya shafa wa ƙaramin ɗaki fenti rawaya, ya ƙera gado da hannunsa. Ketty ta sayi riguna da takalma, aka jera, yarinyar da ba ta taɓa sa su ba ta girme su, aka kai coci, aka sayo na gaba. Waya ta zama mutum na huɗu a teburin abinci, in ta yi ƙara duk cokula su tsaya, sai a ga ashe mai gyaran taya ne. Wata mata ta zo daga ofis duba gida, ta ce a rufe bakin tankin ruwa, ta kuma tafi bayan ta faɗa wa Man Léonise sunan ƙauyen kakarta da dalilin mutuwar aurenta.

Ran Asabar akan kira su daga gidan marayun a ga juna ta waya. Naika ta tsaya ƙiƙam tana kallo, sauran yara suna leƙowa ta bayanta suna gwalo. Ketty ta yi ta waƙa, Rosan ya yi ta kukan akuya ko za ta yi dariya. Man Léonise kuma ba yarinyar kaɗai take kallo ba, har bangon da ke bayanta, da tagar, da reshen da ke leƙowa ta tagar.

"Tambaye ta, wancan icen mene ne? Wa ke ba shi ruwa?"

"Manman, minti kaɗan suke ba mu," in ji Ketty, ta juya wayar.

Mangwaro ya fi ƙarfin gwangwani, aka mai da shi bokiti.

Sai aka ce su je su zauna da yarinyar mako biyu a saba da juna, sa'an nan su dawo su bar ta a can har a gama. Duk wanda ya tsara wannan, da alama bai taɓa goyo ba. A filin jirgi Man Léonise ta ja Rosan gefe ta yi masa huɗuba a kunne. Da suka dawo, Ketty ta rame, ta gaishe ta sama-sama ta shige ɗakin rawaya ta rufe ƙofa. Tsohuwar ta tare ɗanta tun bai sauke akwati ba.

"Ka tambaya?"

"Na tambaya. Matar da ke kula da su ta ce da riga ɗaya aka kawo ta."

"Wa ya kawo ta?"

"Ba a faɗa."

"Daga wane ƙauye?"

"Manman, ba a tambayar wannan."

"Ba a tambaya, ko kai ne ba ka iya ba? Ubanka ma haka yake, ka aike shi kasuwa ya dawo bai san ko wa ya mutu ba."

Ta kwana da abin ta tashi da shi. Ai yarinyar ba daga sama ta faɗo ba. Wata ce ta haife ta, wata ta yanke mata cibiya, kuma cibiyar nan tana wani wuri. In an dasa mata ice a can, wane iri ne? Yana raye? In yana raye, ba zai riƙa janta ba ko da ta zo? In kuma ba a dasa ba, a shara aka jefa, to yarinyar a ina take tsaye a duniya? Tsoronta ke nan, ta kuma faɗa wa kanta shi ƙarara: kada jikarta ta zo ta zauna a gidan nan kamar baƙuwa, kowa da icensa ita babu.

Akwai wata 'yar Haiti da ke sayar da doya da makani a kasuwar Asabar. Man Léonise ta yi shekaru tana saye a wurinta, tana raina kayan, ba ta taɓa tambayar sunanta ba, ita da ke tambayar sunan karen mutane. Wannan halinmu ne mutanen nan, kuma ba abin alfahari ba ne. Su sare mana ayaba, su noma mana doya, mu ci mu ƙoshi mu ce sun cika gari. Ranar nan dai ta je ta tsaya, ta ɗaga doya ɗaya tana juyawa.

"Wannan doya ce ko ƙafar tebur?"

"In ƙafar tebur ce ki saya ki dogara, na ga gwiwar taki ta kusa."

Man Léonise ta yi dariya har da tari. "Yaya sunanki ma?"

"Yau kuma? Madan Jozafa. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Tambaya gare ni. Ku a can, in an haifi yaro, yaya kuke yi da cibiya?"

"Miya muke yi da ita." Ta harare ta. "Binnewa mana, a dasa kwakwa ko mangwaro a kai. Ku kuna tsammanin ku kuka ƙirƙiro?"

Tsohuwar ta jawo kwandon da aka kife ta zauna, ba wanda ya ce mata bismilla. "Taki tana ina?"

"Bayan ɗakin kakata, can wajen garin Jérémie. Kwakwa ce, doguwa. Guguwa ta tuge ta tuntuni."

"Ta tuge ta? Ba ki mutu ba?"

"Ga ni nan ina cutarki a kan doya."

Daga ranar kwandon nan ya zama kujerarta. Duk Asabar sai ta je da sababbin tambayoyi. Me yaran can suke ci da safe? Yaya ake lallashinsu? In sun yi ƙiwa me ake ce musu? Ta koyo miyar kabewar da suke sha ranar sabuwar shekara, ta yi ta dafawa ba sabuwar shekara ba komai, har Rosan ya ce in ya ƙara shan kabewa zai fara yaɗo. Ketty ma takan zauna ta saurara, wani lokaci har ta ce a tambayo mata wani abu. Da a nan tsohuwar ta tsaya, da lafiya lau. Amma mai son sani ba ya ƙoshi, sai ta ji Madan Jozafa tana da ɗan ƙane mai babur da ba garin da ba ya shiga.

"A ba shi hoton yarinyar ya riƙa nunawa," in ji Man Léonise. "Wani zai gane ta. Ni ba uwar nake nema ba, icen kawai."

"Tsohuwa, ƙasa ce guda fa, ba unguwarku ba."

"Matambayi ba ya ɓata."

A lokacin mangwaron ya kai ƙugu, Rosan ya yanka mata tsohon duro gida biyu an mai da shi ciki. Wata Asabar da safe, Ketty tana wajen aiki, Man Léonise ta shiga ɗakin girkinsu ta ɓanɓare hoton Naika daga ƙofar firji, wanda aka ɗauka tana kan cinyar Ketty, ta sa a jaka ta hau motar kasuwa. Ta ɗauka a cikin hotuna da yawa ba za a lura da ɗaya ba.

Da azahar tana kwashe shanya, ta ji an tsaya a bayanta.

"Man Léonise."

Ketty ce, wadda tun daga ranar ɗaurin aure Manman take kiranta. Tsohuwar ta sha jinin jikinta.

"Ina hoton?"

Ƙarya ba ta cikin halinta, ta faɗi komai, har da mai babur. Ketty ba ta ɗaga murya ba.

"Kin san mun yi alkawari ba za mu nemi danginta ba? Kin san in aka ji a can cewa wani yana yawo da hotonta ƙauye-ƙauye da sunanmu, za a ce cinikin yarinya muke yi? A rufe maganar, a ba wasu ita. Duk shekarun nan su tafi a kan ice."

"Ban sani ba, 'yata."

"Ke da kike tambayar kowa komai, ni ba ki tambaye ni ba." Ta ci gaba. "Ranar da na nuna miki ita, ba ki ce kin yi murna ba. Cibiya kika ce. Na san ban iya kawo miki cibiya ba, Man Léonise. Na sani tun kafin gwangwaninki, ba sai na gan shi kullum da safe ba."

Kunya ta kama tsohuwar irin wadda rabonta da ita tun tana budurwa. Ko ɗankwali ba ta canja ba ta fita titi, ta tsaya cikin rana har mota ta zo. Ta tarar Madan Jozafa tana ɗaure buhuna. Kafin ta buɗe baki matar ta zaro hoton daga aljihun gaba ta miƙa mata.

"Ban aika ba. Na ce bari in ga ko uwar yarinyar ta sani."

Uwar yarinyar. Man Léonise ta riƙa juya kalmar a ranta har gida. Ta manna hoton inda yake, ta ja duro da taimakon Rosan zuwa bayan ɗakin girkinta inda Ketty ba za ta gan shi ba, ta kuma kama bakinta.

Shirun nata ya tayar wa unguwa hankali. Mai kawo wasiƙu ya ajiye takarda ya tsaya yana jira, da ya ga ba a tambaye shi komai ba ya je ya ce wa Rosan a kai tsohuwa asibiti. Ana gaisawa da Ketty, ana cin abincin Lahadi tare, amma maganar ba ta wuce miƙo gishiri. A wannan tsakanin ne kuma abubuwa suka dagule a Haiti. Aka ce an tare hanyoyi, ofisoshi a rufe, jirage sun daina sauka. Kiran Asabar ya koma wani mako a samu, wani mako a yi ta kallon waya har rana ta faɗi. Rosan ya daina zuwa wasan domino a shagon kan kwana, ya koma gyaran abubuwan da ba su lalace ba. Ketty ta daina sayen takalma. Na ƙarshen suna nan a kwalinsu a ƙarƙashin gado.

Mangwaron cikin duro ya fara rawaya. Ganyen ƙasa suka zube, na sama suka nannaɗe. Ta ba shi taki, ta ba shi toka, ta rage ruwa, ta ƙara ruwa.

"Saiwa ce ta cika duron," in ji Rosan. "Ko ki dasa shi ko in sare, ya huta."

"Ka taɓa shi ka gani."

Abin da ya fi cin ranta shi ne ba ta iya karanta shi. Da na Josiane ne ya yi haka da tuni ta san zazzaɓi ne ko miji. Wannan kuwa ba komai a ƙarƙashinsa, rawayarsa ba ta ce mata komai. Duk jikokinta tana da labarinsu kafin gahawa ta huce, ban da wannan ɗaya, wadda take inda ake harbe-harbe. Takan tsaya a gabansa ta ji hawaye ya zo mata, na tausayi da na haushi a haɗe.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, tana tsaye a bayan ɗakin girki da kofinta, sai ga Ketty cikin farar rigar aiki. An yi Asabar uku ba kira. Ta tsaya tana kallon icen, karo na farko tun ranar shanya.

"Mutuwa zai yi?"

"In bai sami ƙasa ba."

Ketty ta taɓa wani ganye, ya faɗo a hannunta. "Dole sai cibiya?"

Man Léonise ta yi tunani, don ba ta son ta yi wa al'ada ƙarya. "Uwata abin jikin mutum take cewa. Cibiya dai muka saba, ita ce ke fara faɗuwa."

Ketty ta juya ta shiga gida. Tsohuwar ta ɗauka ta sake yin ɓaranɓarama. Sai ga ta ta dawo da farin hankici a ƙulle, ta kwance a hankali a tafin hannunta. Ɗan dunƙulen gashi ne, baƙi, bai kai ƙwallon fiya girma ba.

"Ranar da za mu taho na tsefe mata na sake kitson. Wannan ne ya rage a mataji. Na ɗauko ashana in ƙona, yadda kika ce kada a bar gashi a baƙon wuri. Na kasa."

Tambayoyi suka cika bakin Man Léonise har suna ture juna. Ta haɗiye su, ta bar ɗaya. "Ta yi kuka da kina tsefewa?"

"Cizona ta yi." Ketty ta ja hannun riga ta nuna wurin, ko da yake ba sauran tabo.

"To tamu ce. Josiane ma haka ta yi mini."

Suka yi dariya, dariyar ta ƙare da jan hanci. Tsohuwar ta miƙa hannu, amma Ketty ta rufe tafinta.

"Manman, shi kaɗai gare ni nata. In na sa shi a ƙasa, kuma ba ta zo ba fa?"

Man Léonise ta ajiye kofin a kan duro. "Gilberte tana nan ne? Honoré yana nan? Rabon da in ga Josiane har na manta tsawonta. Duk teku ta raba ni da su, amma ba ranar da ban san yadda suka kwana ba. In ta zo, ta sha mangwaro. In ba ta zo ba, za mu san lafiyarta."

Ketty ta dubi gashin da ke tafinta. Sa'an nan ta ɗaga murya ta kira Rosan, ta ce ya zo da shebur.

Ya haƙa ramin a filin nan da ko barkono ba a taɓa shukawa ba. Sai da ya tsaga duron da almakashin ƙarfe kafin icen ya fito, saiwoyin sun nannaɗe juna kamar kitso. Man Léonise ta saba ita ke sa abin a rami, tun daga kan Gilberte ba ta taɓa bar wa kowa ba. Ranar ta ja da baya. Ketty ta durƙusa da farar rigarta cikin taɓo, ta ajiye gashin ba tare da hankicin ba, ta rufe da hannunta. Ta makara a wurin aiki, ba ta kuma ba kowa haƙuri ba.

Har yanzu ana jira. Kira yakan zo, yakan ɗauke. Man Léonise ta koma halinta, mai kawo wasiƙu ya sami kwanciyar hankali. Sai dai zagayen safe ya zama na mutum biyu, kowa da kofinta, kuma ƙaramar ta fi babbar yawan tambaya. Kwanan baya Ketty ta riga ta fita, sai ga ta a bakin taga fuska a firgice.

"Manman, zo ki gani. Ganyen sama ya yi ja, ya yi laushi. Ko jini ne? Ko ta ji ciwo?"

Tsohuwar ta fito tana jan ƙafa, ta sa tabarau, ta ɗaga reshen ta duba sama ta duba ƙasa, ta ja lokaci da gangan.

"Sabon toho ne, haka yake fitowa. Girma take yi." Ta saki reshen. "Takalman nan na ƙarƙashin gado sun yi mata kaɗan. Kai su coci."

Da yamma Ketty ta dawo daga aiki da sabon kwali a hammata.